Zane-zanena Duk Suna Cikin Bangon Mutane

Anti Corinne, ki taimake ni, don Allah ki taimake ni tun ban fashe ba!

Ki yi haƙuri da rubutun, cikin sauri nake yi. Kwana uku ke nan ina yawo ina washe baki ba gaira ba dalili, jiya har wani mai sayen ƙugiya ya tambayi mamana ko saurayi na yi. Ina ma saurayin ne, ai da abin ya zo da sauƙi!

Shekarata goma sha takwas, ina ajin ƙarshe na sakandare a wani ɗan gari da ke arewacin Minnesota. Ba zan faɗi sunansa ba, ko da yake wa nake ruɗa? Shagon kayan kamun kifi ɗaya ne tal a bakin tafkinmu, kuma na mamana ne. Na dai canja sunayen mutane, iyakar abin da zan iya ke nan.

Bari in faro daga watan Satumba. Na ɗauki takarda na ja layi a tsakiya, dama na rubuta kasuwanci, hagu na rubuta zanen gine-gine, na shiga jera abin da kowane sashe na jami'a yake nema kafin ya ɗauki mutum. Na kasuwanci kamar don ni aka tsara shi. Sakamako mai kyau, ina da shi. Lissafi, ina da shi. Wasiƙun shaida daga malamai biyu, rubutun bayanin kai, da jerin ayyukan da mutum ya taɓa jagoranta. Ni da tun ina shekara tara nake tsaye bayan kanta a kan akwatin lemo ina auna wa ƙattai tsutsar da ake sa wa ƙugiya? Rubutun nan zama ɗaya na yi masa, ko gumi ban yi ba.

Na hagun fa? Duk abin da na dama yake so shi ma yana so, sannan ya ƙara da fiziks, da lissafi mai zurfi, da wani abu wai kundin ayyuka. Wato ka haɗa ayyuka goma zuwa goma sha biyar da ka yi da hannunka, a ga yadda kake kallon abu da yadda kake tunani. Na buɗe waya na duba irin waɗanda yara suke turawa. Wayyo Anti! Fuskar tsohuwa da gawayi har kana ganin jijiyar wuyanta. Kwanon tuffa kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Ni kuwa da na zana karenmu a aji shida, malamar ta rubuta mini "saniya mai kyau". Na kashe wayar, na ja ƙaton layi a kan hagu, na ce wannan ba gidanmu ba ne. Raina ya ɗan sosu, amma ban gaya wa kowa ba.

A Disamba sashen kasuwanci ya ɗauke ni. Ki ga Mama! Ta sayi rigunan sanyi masu launin makarantar guda uku, tata, tawa, da ta kakana, ta ɗaura wa kare ɗankwali mai launin. Ranar Lahadi bayan sujada, ana shan kofi a ƙasan coci, ta buga cokali a jikin kofi ta yi sanarwa, fasto ya sa albarka, matan nan suka yi ta matse ni har na ji ƙamshin turare bakwai a jikina. Ta gama tsara komai: shekara huɗu in dawo, mu faɗaɗa shago, ita kuma ta samu ta je Arizona wurin ƙanwarta ta ga yadda hunturu yake a inda ba a kwashe ƙanƙara da shebur. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana riƙe da shagon nan ita kaɗai tun da babana ya tafi, ko hutun mako ɗaya ba ta taɓa yi ba.

To, yanzu ga inda abin ya juya. Ban gaya miki ina gina bukkar kamun kifi ba, irin wadda ake ja a kai kan tafki idan ya daskare, a huda rami a ƙanƙarar a kama kifi daga ciki. Ban saka shi a takardun neman makaranta ba ma, don a wurinmu wannan ba wani abu ba ne, kamar a ce mutum ya iya tuƙa mota ne. Kakana Reino, mahaifin Mama, shi ya koya mini. Shekararsa tamanin da ɗaya, kunnensa ɗaya ya mutu, bakinsa kuwa yana nan garau. Tun ina sha huɗu zuwa yau na gina huɗu, duk an saye. Ta huɗun ita ce 'yar gaban goshina. Na yi ta ne don wani dattijo, Mista Zupancic, da yake kan keken guragu. Na sauke ƙasanta har ta kusa taɓa ƙanƙara, na yi mata gangara mai ninkewa, na sa tagar daidai idon wanda yake zaune, na juya ƙofar ta ba iskar arewa baya, na karkata rufin yadda dusar ƙanƙara za ta zame ta can nesa da ƙofa. Sau uku ina rushe wannan rufin.

Ranar Asabar da ta wuce, malamarmu mai ba da shawara kan jami'a, Malama Prebil, ta raka mijinta kamun kifi, sanyi ya kora su cikin bukkar Mista Zupancic. Ta tambayi kamfanin da ya ƙera ta. Shi kuma ya ce mata wane kamfani, 'yar mai tsutsa ce! Ranar Litinin tun kafin in cire hula ta aiko a kira ni. Na shiga ofis ta rufe ƙofa, ta matsa mini har na ba ta labarin takardar Satumba, sai ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ke yanzu don Allah, kina da wannan a hannu kika zauna kina kuka a kan kwanon tuffa?" Ta ce abin da suke nema ke nan, mutumin da ya ga matsala, ya gwada, ya ɓata, ya sake. Ta ce akwai makarantar da ba ta rufe karɓa ba sai Juma'ar mako mai zuwa. Ta ce hoton bukkar daga waje kaɗai ba zai wadatar ba, don kowa zai iya tsayawa gaban bukka ya ɗauki hoto, in kawo mata duk zanen da na yi tun daga na farko, har waɗanda na soke. Ta ce, "Suna ina?"

Anti, na yi dariya har shaƙuwa ta kama ni, sai da ta ba ni ruwa.

Kakana bai yarda da takarda ba. Ya ce iska na ɗauke ta, kofi na zuba a kanta, kare na cinye ta. Shi tun tasowarsa a jikin katakon da zai yi aiki da shi yake zane, kuma haka ya koya mini. Duk abin da na taɓa zanawa, awon taga, lissafin nauyin da rufi zai ɗauka, zanen keken Mista Zupancic yana juyawa a cikin ɗaki, rufin nan uku da na soke, duk da fensirin kafinta na yi su a fuskar ciki ta bango. Sannan na shimfiɗa soson tare sanyi a kai. Sannan na rufe da wani katakon, na ɗaure da kusoshi. Kundin ayyukana gaba ɗaya yana cikin bangon mutane huɗu! Da na gaya wa Kaka, ya yi ta buga cinya yana dariya, ya ce ai kin ga amfanin katako, da takarda ce da tuni ta ɓace.

Uku daga cikin bukkokin nan a tafkuna masu nisa suke zama. Rana ɗaya ce tak suke haɗuwa a tafkinmu, Asabar ɗin nan, ranar gasar kamun kifi ta gari, kuma da an raba kyaututtuka da yamma kowa zai ja tasa ya tafi. Na buga wa masu su waya, na roƙi in buɗe bangon in ɗauki hoton zanen. Mista Zupancic ya ce in na ga dama in kwance ta duka, ai 'yarsa ce ni. Biyu sun ce sai sun yi tunani, don in an buɗe bango zafi zai gudu. Mista Haugland kuwa ya rantse ƙara na korar kifi, ya ce in ya hango ni da sukundireba ranar gasa, ta ramin kifin zai tura ni.

Kuma ranar gasa ita ce ranar da shagonmu ya fi cika a shekara. Layi har waje. Ni ce a kanta, Mama a wurin tankin ƙananan kifi. Har yanzu ban ce mata komai ba. Duk lokacin da na buɗe baki sai in ga rigar nan a jikinta, sai in tambaye ta ko ta ga almakashi.

Ga kuma abin da nake jin kunyar rubutawa. Ɗan kawuna Brody, shekararsa ashirin, ya iya zane kamar aljani, yana da tarin zanen gawayi da ba ya komai da su. Ya zaro shida ya ba ni, ya ce, "Dalla sa su kawai, 'yar kafinta, wa zai sani?" Na karɓa, Anti. Suna cikin jakata yanzu haka. Da su, ba sai na buɗe bangon kowa ba, ba sai na bar kanta ba, ba sai Mama ta sani ba sai in an ɗauke ni. In ba a ɗauke ni ba shi ke nan, babu wanda ya ji ciwo. Af, na manta, akwai kuma lissafi: bana darasin ƙididdiga na ɗauka saboda kasuwanci, ban ɗauki mai zurfin da suke so ba.

Ina cikin murna, ina cikin tsoro, abinci ma a tsaye nake ci. Ashe ƙofar da na rufe da hannuna ba a kulle take ba! In tura na Brody? In haƙura in zauna inda aka riga aka sa mini albarka? Ko in bar mamana da layin mutane in tafi fasa bangon bayin Allah? Kwana tara ya rage. Ki amsa da wuri, na roƙe ki.

Taki,
Mai Zane a Cikin Bango

*

'Yata Mai Zane,

Na karanta wasiƙarki sau biyu, na farko ina dariya, na biyu da fensir a hannu. Na tsallake wasiƙun masu karatu goma sha ɗaya na sa taki a gaba saboda Asabar ba ta jira. Zauna ki ci abinci a zaune, sannan ki saurara.

Zanen Brody ki mayar masa yau. Ba gobe ba, yau, kafin ki sake buɗe jakar nan. Ba na zarginki da karɓa, wanda ya matsu yana karɓar abin da ya fi wannan. Amma masu duba kundin nan aikinsu ke nan shekara da shekaru, suna gane hannu biyu a kundi ɗaya, kuma in suka gane, maganar ba lallai ta tsaya a wurinsu ba, tana iya taɓa gurbin da kike da shi a hannu. Ki ce masa kin gode, kuma kina da wata alfarmar da za ki nema a wurinsa, za mu zo kanta.

Gobe da safe ki shiga ofishin Malama Prebil, ku buga wa ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar waya. Waya na ce, ba saƙon da za a amsa bayan kwana goma ba. Ki tambaye su abu biyu: ko rashin lissafi mai zurfi yana hana a duba takardun mutum ko ana iya cike shi a lokacin bazara, da kuma ko suna karɓar hoton zanen da aka yi a jikin katako. Kowace makaranta da tsarinta, kada ki ɗauki amsar daga bakina ko daga waya. Ki kuma sake karanta takardar da sashen kasuwanci ya aiko miki. In ba irin alkawarin nan kika sa wa hannu ba mai ɗaure mutum ya hana shi zuwa wata makaranta, to gurbinki yana nan har ranar da suka ce ki ba da amsa, kuma neman wata makaranta ba ya taɓa shi. Kin haɗa abu biyu kin cakuɗa. Neman shiga daban, tafiya daban. Na farkon ne kawai yake da kwana tara.

Yanzu bari in ɗan rage miki zafin rawar, don ba zan yi miki adalci ba in na yi ta tafi kawai. Kasuwanci ba gidan waɗanda suka kasa zane ba ne. Yarinyar da ta gina bukka huɗu ta sayar kafin ta gama sakandare tana da kan kasuwa, kuma mamarki ba makauniya ba ce da ta gan shi. Zanen gine-gine kuma ba kafinta ba ne. Karatun yakan fi tsawo, yawancinsa a gaban kwamfuta ne da ƙananan samfura na kwali, za ki kafe aikinki a bango malamai su yi masa fata-fata a gaban aji, kuma bayan digiri akwai wasu shekarun kafin a ba ki lasisi. Mai son ƙamshin katako yana iya shan mamaki. Sai dai abin da na sha ji daga ɗalibai shi ne, fita daga zanen gini zuwa kasuwanci ya fi sauƙi a kan a yi akasin haka, domin darussan zane a jere suke tun daga shekarar farko. Saboda haka ki nema yanzu, ki je ki ga ɗakin aikinsu da idonki kafin bazara, sannan ki zaɓa da takardu biyu a hannu.

Maganar bango kuwa, wa ya ce sai kin buɗe huɗu? Ki bar Mista Haugland da kifinsa, ki ɗauki hoton tasa daga waje ki yi masa fatan alheri. Ki fara da ta Mista Zupancic tunda ya ba ki wuƙa da nama, kuma a can aikinki mafi kyau yake. Sauran biyun ki roƙi buɗe fallen katako ɗaya ɗaya, da tsakar rana lokacin da kifi ya lafa kowa ya fita neman abinci, ki yi alkawarin minti ashirin, ki tafi musu da kofi mai zafi. Ki tafi da Kaka, babu mai iya yi wa ɗan shekara tamanin da ɗaya gardama a kan ƙanƙara. Waya takan mutu a sanyi, ki ajiye ta cikin riga. Kada ki goge komai, kada ki gyara komai. Rufin nan uku da kika soke ki ɗauke su hoto da kyau, sun fi wanda ya tsaya daraja a wurin masu dubawa. Ki ɗauki hoton Mista Zupancic yana shiga da kekensa, in ya yarda. Abin da kika sake zanawa a takarda a makon nan, ki rubuta a ƙasa cewa sabo ne. Ki kuma ba su labarin kakanki da takarda a layi uku, ina tabbatar miki ba su karanta irinsa ba bana.

Brody kuma, tunda yana son taimako, ya ba ki awa huɗu a bayan kanta ranar Asabar. Ki koya masa auna tsutsa ranar Juma'a. Hannun da ya iya zana jijiyar wuya ba zai kasa ba da canji ba.

Saura mamarki, kuma ita ce ta farko ko da na ajiye ta a ƙarshe. Ki gaya mata yau, bayan an rufe shago, kafin ta ji a bakin mai sayen ƙugiya, don mutum huɗu da malama ɗaya sun riga sun sani, kuma kin san garinku. Kada ki fara da "na fasa", don ba ki fasa komai ba. Ki ce akwai abin da kika so tun Satumba kika ɓoye saboda kin ɗauka ba ki isa ba. Tana iya yin faɗa a kan layin Asabar alhali ba layin ne ke cin ta ba. Matar da ta yi shekara goma sha ɗaya ita kaɗai a shago ta sa ran wata rana za a karɓe ta, kuma wannan ba son kai ba ne, gajiya ce. Ki ce mata kin san ta gaji. Kada ki yi mata alkawarin dawowa don ki kwantar mata da hankali, ba ki san wannan ba tukuna. Hutunta matsala ce ta gaske da ke buƙatar mafita ta gaske, ku zauna ku neme ta tare da Kaka da kawunki, amma ba daidai ba ne a ce ke kaɗai ce mafitar.

Kin ce in kika bi ta hanyar Brody babu wanda zai ji ciwo. Akwai. In suka ƙi ki da zanensa, za ki rayu ba ki san me za su ce da naki ba. In kuma suka ɗauke ki, za ki yi shekara biyar a kujerar da aka ba wani, kina jiran ranar da za a gane. Da naki kuwa, ko sun ce a'a, ke suka gani, kuma wannan a'a ɗin za ki iya ɗaukarta ki ci gaba da tafiya da kanki a sama.

Je ki buɗe bangon, 'yata. Allah ya ba ki rana mai haske da iska kaɗan, ya sanyaya zuciyar mamarki, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.

Taki,
Anti Corinne